Janar Papagos na Girka: nasarar Albaniya da faɗuwar mako uku

In ban da sarakuna, mutum ɗaya ne kacal a tarihin Girka ta zamani ya kai muƙamin Fil Mashal ta hanyar aikin soja, shi ne Alexandros Papagos. An ba shi muƙamin ranar 28 ga Oktoba, 1949, shekara tara cif bayan Italiya ta afka wa ƙasarsa. Masu yabonsa hujja biyu suke riƙewa. Shi ne babban kwamanda lokacin da ƙaramar Girka ta fatattaki sojojin Mussolini, shugaban Italiya, har cikin duwatsun Albaniya, kuma shi ne ya kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar cikin wata bakwai, bayan an kusa shekara uku ana gwabzawa ba ci gaba. Masu sukarsa kuwa hujja ɗaya ta ishe su: a watan Afrilun 1941 Jamus ta murƙushe rundunarsa cikin mako uku, kuma yawancin ɓarnar ta biyo bayan shawarar da shi da kansa ya yanke ne.

A ganina ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya suke auna shi, ma'aunin jarumin fagen daga, alhali ba can ƙarfinsa yake ba. Papagos gwanin tsari ne, mai iya tara runduna da ladabtar da ita, kuma tun yana ƙaramin hafsa ɗan wani ɓangare ne a rikicin siyasar ƙasarsa. Wanda bai san wannan rikici ba zai yi ta mamakin wasu abubuwan da ya yi.

An haife shi a Atina a 1883. Mahaifinsa janar ne, mahaifiyarsa kuma 'yar gidan Averoff ce, ɗaya daga cikin manyan gidajen attajiran Girkawa. A Beljiyam ya yi karatun soja, ya fito sojan doki a 1906. A yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 ya yi aiki a hedikwatar Yarima Constantine, wanda ya zama sarki ana tsakiyar yaƙin. Nan aka ƙulla zumuncinsa da fada.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Girka ta dare gida biyu. Firaminista Eleftherios Venizelos yana son a shiga yaƙi a ɓangaren Birtaniya da Faransa, Sarki Constantine, wanda yake auren ƙanwar sarkin Jamus, yana son a zauna 'yan ba-ruwanmu. Rigimar ba ta tsaya a majalisa ba, ta shiga bariki. Daga nan har shekara ashirin da wani abu, duk ɓangaren da ya hau mulki sai ya share hafsoshin ɗaya ɓangaren, ya dawo da nasa. Takardar aikin Papagos kaɗai ta isa shaida. A 1917 mutanen Venizelos suka kore shi, aka tsare shi a tsibirai. A 1920 'yan sarauta suka ci zaɓe, aka dawo da shi, ya tafi yaƙin Anatoliya da Turkawan Mustafa Kemal a matsayin shugaban ma'aikatan rundunar dawaki. A 1923 aka sake korarsa bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba. Bayan 'yan shekaru aka sake kiransa. Ba laifin aiki ne ya jawo korar ba, ba kuma bajinta ce ta jawo dawowar ba.

Akwai abu ɗaya daga wancan zamani da ya kamata a riƙe. Bayan rundunar Girka ta wargaje a Anatoliya a 1922, aka ƙone Izmir, Girkawa fiye da miliyan ɗaya suka zama 'yan gudun hijira, sai sojojin da suka ƙwace mulki a Atina suka gurfanar da shugabannin da suka gabace su. Mutum shida aka harbe, biyar 'yan siyasa, na shidan kuma Janar Georgios Hatzianestis, babban kwamandan da aka sha kaye a hannunsa. Hafsoshin tsarar Papagos da idonsu suka ga abin da ake yi wa janar ɗin da ya rasa ƙasa. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da ya ɗaure masa hannu a 1941.

A watan Maris na 1935 magoya bayan Venizelos suka yi yunƙurin juyin mulki, suka sha ƙasa. Aka sallami hafsoshi fiye da 1,000, aka harbe wasu. Wata bakwai bayan haka, ranar 10 ga Oktoba, Papagos da shugaban sojan ruwa da na sojan sama suka tare motar Firaminista Panagis Tsaldaris a kan hanyarsa ta shiga Atina, suka ce masa sojoji na son a dawo da sarauta nan take. Ya ƙi, suka sauke shi. Aka yi wata ƙuri'ar raba gardama da aka ce kusan kashi 98 cikin 100 sun zaɓi sarki, alƙaluman da ko 'yan sarautar ba su gaskata ba. Sarki George na Biyu ya dawo, Papagos ya zama ministan soja. Da zaɓen Janairun 1936 ya bar 'yan kwaminis da kujeru 15 a tsakanin manyan ɓangarori biyu da suka yi kunnen doki, Papagos ya je ya gaya wa sarki cewa sojoji ba za su lamunci gwamnatin da ta dogara da ƙuri'un 'yan kwaminis ba. Sarki bai ji daɗin a zo ana gindaya masa sharaɗi ba. Ya cire shi, ya naɗa Ioannis Metaxas. Cikin wata biyar Metaxas ya dakatar da majalisa ya kafa mulkin kama-karya, Papagos kuma ya zama babban hafsan sojin ƙasa.

Shekara huɗun da suka biyo baya su ne ainihin aikinsa, ko da yake ba su ake yi wa biki ba. Ya gaji runduna mai tarkacen makamai, igwa ta Faransa nan, ta Jamus can, kowace da nata harsashi. Aka sayo abin da aka iya saye, aka tanadi kayan sawa da na ci, aka gyara hanyoyi, aka sake rubuta tsarin kiran 'yan ko-ta-kwana. Mafi yawan kuɗin gini ya tafi ne kan jerin ganuwoyin kankare a iyakar Bulgeriya, waɗanda ake kira Layin Metaxas, saboda a lissafin Atina daga can abokin gaba zai fito. Sai a Afrilun 1939, da Italiya ta mamaye Albaniya, aka farga cewa ƙofar yamma a buɗe take. Papagos ya sauya tsare-tsare, ya kuma yi wata dabara mai kyau: maimakon shelar gangami da za ta ba Mussolini hujja, sai aka riƙa aika wa mutane takardar kira ɗaiɗai, a ɓoye, har rundunonin kan iyaka suka cika. Ko da wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya nutsar da jirgin yaƙin Elli a tsibirin Tinos ranar 15 ga Agusta, 1940, gwamnati ta san wanda ya yi, ta haɗiye.

Da misalin ƙarfe uku na daren 28 ga Oktoba jakadan Italiya, Emanuele Grazzi, ya tashi Metaxas daga barci da takardar wa'adi. Takardar na neman a bar sojojin Italiya su shiga Girka. Metaxas ya ƙi. Kafin gari ya waye sosai an fara luguden wuta.

A nan ne labarin da ake koya wa yara ya ɗan bambanta da abin da ya faru. Tsarin hedikwata ya yarda a ja da baya a yankin Epirus, da ke iyaka da Albaniya, idan matsi ya yi yawa, aka bar wa kwamandan da ke wurin zaɓi. Manjo Janar Charalambos Katsimitros na dibishan ta 8 shi ya zaɓi ya ja daga a Kalpaki, ya toshe hanyar birnin Ioannina, tankokin Italiya suka maƙale cikin taɓo da ruwan sama. A tsaunukan Pindus kuma 'yar ƙaramar rundunar Kanar Konstantinos Davakis ce ta jinkirta dibishan Julia, zaratan sojan dutse na Italiya, har agaji ya iso aka yi musu ƙawanya. Matan ƙauyukan yankin su suka riƙa goya akwatunan harsashi a bayansu suna hawa inda alfadari ba ya iya hawa. Ba Papagos ne ya yi waɗannan ba. Amma agajin da ya iso cikin kwanaki, da rundunar da ta cika ta tumbatsa cikin mako biyu, wannan aikinsa ne. (Katsimitros ɗin nan, gwarzon Kalpaki, daga baya ya karɓi kujerar minista a gwamnatin da Jamusawa suka kafa, kuma bayan yaƙi ya sha ɗauri a kan haka.)

Ranar 14 ga Nuwamba Girkawa suka juya suka fara kai farmaki. Koritsa ta faɗi ranar 22 ga wata, Gjirokaster ranar 8 ga Disamba, mashigin Klisura ranar 10 ga Janairu. Mussolini ya sauya kwamanda sau biyu. A lokacin da Faransa ta riga ta faɗi, Landan kuma na shan bama-bamai, wannan ce nasara ta farko mai girma a kan ƙawancen Hitler a doron ƙasar Turai, kuma sunan Papagos ya zagaya duniya.

Sai dai tashar jiragen ruwa ta Valona, inda Italiya ke sauke sojoji da kaya, ba a taɓa kama ta ba. Masu suka suna cewa Papagos ya baza ƙarfinsa a kan dogon fage yana tura abokin gaba a hankali, maimakon ya tara shi wuri ɗaya ya huda zuwa teku tun Italiyawa na cikin ruɗani. Suna ƙarawa da cewa yana tafiyar da yaƙin ne daga otal ɗin Grande Bretagne da ke tsakiyar Atina, nesa da ƙanƙarar da ke cin yatsun sojojinsa. Akwai gaskiya a ciki. Amma runduna ce mai ƙarancin motoci, kayanta a bayan alfadarai, alfadaran kuma suna mutuwa da sanyi da yunwa. Duk taku ɗaya gaba, hanyar kawo abinci na ƙara tsawo, ta Italiya na raguwa. Girkawa fiye da 13,000 suka mutu a wannan fage, waɗanda sanyi ya nakasa kuma dubbai ne. Akwai kuma wani rashi da shi ya jawo: manyan hafsoshin da aka kora a 1935, da yawansu sun nemi a mayar da su su yi yaƙi, aka ƙi. Ɗaya daga cikinsu, Kanar Stefanos Sarafis, shi ne ya zama kwamandan sojan ELAS a 1943, rundunar 'yan gwagwarmaya da ke ƙarƙashin 'yan kwaminis.

Yanzu ga inda maganar ta fi sarƙaƙiya. Metaxas ya rasu ranar 29 ga Janairu, 1941. Kowa ya san Jamus na tafe ta Bulgeriya don ta fitar da Mussolini kunya. Ranar 22 ga Fabrairu aka yi taro a fadar Tatoi da ke wajen Atina: sarki, da sabon firaminista Alexandros Koryzis, da Papagos, a gefe guda kuma ministan harkokin wajen Birtaniya Anthony Eden da Janar Dill da Janar Wavell. Wavell yana riƙe da fagage da yawa a lokaci guda. A cikin wancan makon ne ma birged ɗin sojojin Najeriya da ke ƙarƙashin babbar rundunarsa ta shiga Mogadishu, ita ma tana korar Italiyawa. Abin da zai iya ba Girka bai kai abin da Girka ke buƙata ba, kusan mutum 60,000 ne, yawancinsu 'yan Ostireliya da Niyu Zilan.

Zaɓin da ke gabansu shi ne inda za a tsaya. Layin Metaxas yana kare Tasalonika, birni na biyu a ƙasar, amma dogo ne, kuma idan Jamusawa suka bi ta kudancin Yugoslabiya suka gangaro kwarin Vardar za su ɓullo ta bayansa. Layin Aliakmon, wanda ya bi duwatsu daga gefen Olympus zuwa iyakar Yugoslabiya, ya fi gajarta ya fi sauƙin tsaro, amma riƙe shi yana nufin sallama Tasalonika da duk arewa maso gabas ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Shi ma kuma yana da kafa ta wajen Monastir, wani gari a kudancin Yugoslabiya. Komai ya rataya ne a kan abin da Yugoslabiya za ta yi, ita kuwa ta ƙi fitowa fili.

Aka tashi daga taron kowa da fahimtarsa. Turawan Ingila sun ɗauka Papagos zai fara janye sojoji zuwa Aliakmon washegari. Shi kuma ya ɗauka sai an ji amsar Yugoslabiya tukuna. Da Eden ya dawo Atina ranar 2 ga Maris, ranar da Jamusawa ke tsallaka kogin Danube zuwa Bulgeriya, ya tarar ko bataliya ɗaya ba ta motsa ba. Sulhun da aka yi shi ne mafi munin abin da za a iya yi: wasu dibishan a Layin Metaxas, wasu raunana tare da Turawa a Aliakmon, mafi yawan rundunar kuma, dibishan kusan 14, tana can Albaniya. Gida uku, babu wanda zai iya kai wa ɗan'uwansa ɗauki.

Game da Tasalonika, hujjar Papagos tana da ƙarfi. Ta wannan tasha ce kaɗai za a iya kai wa Yugoslabiya kaya, don haka ranar da aka bar ta, ranar aka yanke ƙauna daga Yugoslabiya. Janyewar ma za ta ci kusan mako uku, kuma idan Jamusawa suka rutsa da sojoji a kan hanya a fili, an gama. Da hafsoshin Yugoslabiya suka kifar da gwamnatinsu ranar 27 ga Maris saboda ta sa hannu da Hitler, sai ya zama kamar lissafinsa ya fito.

Game da Albaniya kuwa ban ga yadda za a wanke shi ba. Gaskiya ne a watan Maris Italiya ta kawo babban farmaki, Mussolini da kansa ya zo kallo, Girkawa suka tare shi a Tudu na 731 da kewayensa. Gaskiya ne kuma gaya wa sojan da ya binne abokansa a kan dutse cewa ya sauka ya bar wa wanda ya kayar abu ne mai karya zuciya. Amma aikin babban kwamanda ke nan. Papagos ya san cewa idan Jamusawa suka ɓullo ta Monastir za su datse hanyar komawar rundunarsa. Abin da ya hana shi motsi bai wuce tsoron abin da janyewa za ta yi wa gwamnati da fada ba, a ƙasar da mulkin kama-karya ba shi da wani abin tinƙaho sai wannan nasara, kuma a rundunar da ba ta manta da 1922 ba.

Jamus ta kawo hari ranar 6 ga Afrilu. Ganuwoyin Layin Metaxas, irin su Roupel, sun yi tsayin daka har Jamusawan suka jinjina musu, amma tankoki sun bi ta Yugoslabiya kamar yadda aka ji tsoro, suka shiga Tasalonika ranar 9 ga wata. Sai ranar 12 Papagos ya ba da umarnin janyewa daga Albaniya. Lokaci ya riga ya ƙure. Runduna mai tafiya da ƙafa ba ta tsere wa mai tafiya da mota, kuma kafin su sauko Jamusawa sun kama mashigin Metsovo. Gaba kura, baya sayaki. Ranar 16 Papagos ya shawarci Janar Wilson, kwamandan sojojin Birtaniya a Girka, cewa Turawa su kwashe sojojinsu. Ranar 18 Firaminista Koryzis ya harbe kansa. Ranar 20 Janar Georgios Tsolakoglou, ba da izinin kowa ba, ya ture shugabansa ya miƙa wuya ga Jamusawa, don kada a ce Italiya ce ta kama su. Papagos ya aika a tsige shi, amma babu sauran mai jin umarni. Mussolini ya dage sai da aka sake sa hannu ranar 23 da wakilinsa a wurin. Ranar 27 tutar Jamus ta hau Akropolis. Girkawa na son cewa tsayin dakansu ne ya jinkirta harin Hitler a kan Tarayyar Sobiyet har zuwa 22 ga Yuni, amma masana tarihi da dama suna ganin damina da ƙarancin shiri sun fi taka rawa.

Papagos bai bi sarki gudun hijira ba, ya zauna a Atina. A 1943 ya kafa wata ƙungiyar ɓoye ta manyan hafsoshi, wadda ba ta kai ga yin wani abin kirki ba kafin a kama su a watan Yuli. Aka kai shi sansanonin Jamus, har da Dachau, sai a Mayun 1945 sojojin Amurka suka 'yanto shi a yankin Tirol. Wannan ɗauri ya wanke sunansa daga ƙurar Afrilu fiye da duk wani bayani da ya rubuta.

A Janairun 1949 aka sake kiransa. Yaƙin basasa tsakanin gwamnati da rundunar 'yan kwaminis ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, duk da kuɗi da makaman da Amurka ke zubawa tun jawabin Shugaba Truman na Maris 1947. 'Yan tawayen ba su wuce kimanin 25,000 ba, sojojin gwamnati sun ninka su sau da yawa, amma 'yan siyasa ke naɗa kwamandoji, kowane ɗan majalisa yana son a ajiye bataliya ta tsare mazaɓarsa. Papagos ya ce ba zai karɓa ba sai an sakar masa mara: naɗi da tsigewa da tsara farmaki duk a hannunsa. Aka ba shi. Ya sauke kwamandojin da ke jan ƙafa, ya hana ja da baya ba da izini ba, ya fitar da sojoji daga gadin garuruwa, aka riƙa share ƙasa daga kudu zuwa arewa ana bin 'yan tawaye dare da rana.

Wannan karon ma nasarar tana da iyaye da yawa. Janar James Van Fleet na Amurka yana gefensa da jiragen yaƙi da bam ɗin napalm. Shugaban jam'iyyar kwaminis Nikos Zachariadis ya ture Markos Vafiadis, gwanin yaƙin sari-ka-noƙe, ya dage sai an riƙe ƙasa kamar runduna ta sosai, abin da ya tara mayaƙansa wuri ɗaya ga igwa da jirage. Tito na Yugoslabiya, da ya ɓata da Stalin, ya rufe musu iyaka a watan Yuli. Sannan ga abin da ba a cika faɗa a wajen biki ba: mutanen ƙauye kimanin 700,000 aka tayar daga gidajensu don a hana 'yan tawaye abinci da labari, dubbai kuma aka tsare a tsibirin Makronisos ana gana musu azaba har sai sun sa hannu a takardar tuba. A watan Agusta aka kama duwatsun Vitsi da Grammos, tungayen 'yan tawaye na ƙarshe, sauran mayaƙan suka tsallaka Albaniya.

Abin mamaki, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa fada aiki da fada ya ɓata. Sarki Paul, magajin George na Biyu, da na kusa da shi sun fara ganin Fil Mashal ya yi girma da yawa. A ƙarshen Mayun 1951 ya ajiye aiki, kuma a daren wasu hafsoshin wata ƙungiyar asiri mai suna IDEA suka fito da sojoji suka kama muhimman wurare a Atina don a bar shi a kan mulki. Da kansa ya je ya ce su koma bariki, suka koma. Ya kafa jam'iyya, kuma a zaɓen Nuwamban 1952, a ƙarƙashin tsarin zaɓen da jakadan Amurka ya matsa a yi amfani da shi, ya sami kashi 49 cikin 100 na ƙuri'u da kujeru 247 cikin 300. A mulkinsa aka karya darajar kuɗin ƙasar da rabi a 1953, aka ba Amurka sansanonin soja, aka kai batun tsibirin Kubrus gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1954. Ya rasu yana kan kujera ranar 4 ga Oktoba, 1955, sarki ya naɗa Konstantinos Karamanlis firaminista.

Hafsoshin da suka fito a daren Mayun 1951 ba a hukunta su ba. An yi musu afuwa, kuma a zamanin gwamnatinsa da dama suka koma bakin aiki suka ci gaba da hawa. Daga cikin ƙananan hafsoshin da suka taso a da'irar IDEA akwai wani ɗan atilare mai suna Georgios Papadopoulos. Shi ne ya fito da tankoki ya yi juyin mulki ranar 21 ga Afrilu, 1967, kuma kafin shekarar ta ƙare Sarki Constantine na Biyu, ɗan Sarki Paul, ya tsere zuwa Roma.